Wace aya ce ta hana caca?

Mai_Ganga:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ina da tambaya, don Allah kada a fara da zagi. Tun muna yara ake gaya mana caca zunubi ce. To na zauna na duba, daga Farawa har Wahayin Yahaya ban ga inda aka ce kada ka yi caca ba. An ce kada ka yi sata, kada ka yi zina, kada ka yi shaidar zur, buguwa ma an kira ta da sunanta. Caca kuwa shiru. Abin da na gani ma shi ne bayin Allah suna jefa ƙuri'a, har manzanni sun jefa da za su cike gurbin Yahuza. To in mutum ya ɗauki ɗan canjin da ya rage masa, kuɗin guminsa, ya saka a wasan ƙwallo a wayarsa, wa ya yi wa laifi? Mai aya ya kawo aya. In babu kuma a faɗa mana gaskiya cewa dokar ikilisiya ce kawai.

Maman_Alheri:
Ɗana, irin wannan tambayar sai wanda ya riga ya saka. Faɗa mana, nawa suka cinye maka?

Mai_Ganga:
Haba Mama, tambaya fa kawai na yi 😂

Ɗan_Zabura:
Tunda aya kake nema ga ta. 1 Timoti 6:9-10. Bulus ya ce masu son yin arziki sukan faɗa cikin jaraba da tarko, ya kuma ce son kuɗi tushen kowace irin mugunta ne. Ƙara da Karin Magana 13:11, dukiyar da aka samu a gaggauce takan zurare, wadda aka tara kaɗan-kaɗan ita ke ƙaruwa. Sai 28:22, mai zari yana gaggawar yin arziki, bai san talauci ne ke tafe ba. Me kuma ya rage?

Mai_Ganga:
@Ɗan_Zabura na haddace waɗannan tun a makarantar Lahadi. Amma ai son kuɗi suka hana. Ɗan kasuwa yana iya son kuɗi, ma'aikaci yana iya, fasto ma yana iya. Ba mu taɓa cewa kasuwanci zunubi ne ba don wasu 'yan kasuwa suna da zari. Me ya sa sai caca kaɗai za a rataya wa ayar a wuya?

Ɗalibin_Tauhidi:
Bari in fara da batun ƙuri'a, don nan ne mutane da yawa suke zamewa. Ka bi wuraren ɗaya bayan ɗaya. A Littafin Firistoci 16 an jefa ƙuri'a a kan bunsuru biyu a Ranar Kafara. A Joshuwa 18:10 an jefa a Shilo don raba ƙasa ga kabilun da ba su sami gādo ba tukuna. Matuƙan jirgi sun jefa ta faɗa a kan Yunusa. A Ayyukan Manzanni 1 an tsayar da mutum biyu, Yusufu da ake kira Barsaba da Matiyas, aka yi addu'a aka ce Ubangiji kai ka san zukatan kowa, sa'an nan aka jefa. A duk wuraren nan wa ya ajiye kuɗinsa? Wa ya tafi gida da na wani? Babu. Mutane ne suka janye hannunsu daga wata shawara suka bar wa Allah, abin da Karin Magana 16:33 ke nufi ke nan. Ɗan caca kuwa ba nufin Allah yake tambaya ba, ya riga ya san abin da yake so.

Ka kuma lura, bayan Fentikos ba a sake ba da labarin ikilisiya ta jefa ƙuri'a ba. A sura 6 da za a zaɓi mutum bakwai masu kula da rabon abinci, cewa aka yi a duba masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Wuri ɗaya da na sani a Sabon Alkawari da aka jefa ƙuri'a don wani ya kwashe kaya shi ne gindin gicciye, sojoji a kan rigar Yesu.

Na_Gefe:
Malam, bayaninka ya yi kyau amma wannan na ƙarshen ban yarda da shi ba. Ana yawan kawo shi a wa'azi don ya taɓa zuciya, amma Yahaya bai rubuta shi don ya koya mana hukuncin caca ba. Shi da kansa ya faɗi dalili a 19:24, don Nassi ya cika, wato Zabura 22:18. Kuma sojojin ba su ajiye komai nasu ba, rigar ba ta da ɗinki ne suka ga yaga ta asara ce. Mu riƙa barin aya ta faɗi abin da ta zo faɗa.

Ɗalibin_Tauhidi:
@Na_Gefe ban ce ita ce hujjar ba. Cewa na yi in mutum zai fake da ƙuri'a, to ya duba a wane sahu ya tsaya.

Katikis_J:
Ni ɗan Katolika ne, bari in faɗi abin da muke koyarwa, don na ga kamar ana ɗauka bakin Kirista duka ɗaya ne a nan. Katekizim ɗin ikilisiyar Katolika na 1992, sakin layi na 2413, ya ce wasannin sa'a da saka kuɗi a kansu ba su saɓa wa adalci ba a karan kansu. Suna zama abin ƙi ne idan suka hana mutum abin da zai biya buƙatarsa da ta waɗanda ke wuyansa. Ya yi kashedi cewa sha'awar caca tana iya zama bauta. Ya kuma ce maguɗi a wasa babban laifi ne, sai dai in abin da aka cuci mutum bai taka kara ya karya ba. Wato mu ba mu ce wa Mai_Ganga ka yi zunubi ba don kawai ya saka ɗan canji. Tambayoyi za mu yi masa: kuɗin naka ne? Akwai mai jiran su a gida? Wasan na gaskiya ne? Kana iya tsayawa?

Mai_Ganga:
Yawwa! Ashe dai ba ni kaɗai ba ne.

Katikis_J:
Kada ka yi saurin murna ɗan'uwa. Ka amsa tambayoyin tukuna, musamman ta ƙarshe.

Dattijo_B:
Katikis, da girmamawa, mu ba haka muka karɓa ba. Babban Katekizim na Westminster, wanda aka rubuta a Ingila a 1647, da yake lissafa zunuban da doka ta takwas ta hana, wato kada ka yi sata, ya sa cacar da ke ɓarnatar da dukiya a ciki. Ikilisiyar Metodis ta Amurka ta daɗe da rubuta a ƙa'idodinta cewa caca annoba ce ga al'umma, ta ce mabiyanta su ƙaurace mata. John Wesley, wanda ya kafa Metodis, ya koya wa mutanensa su nemi duk abin da za su iya samu, su adana, su bayar, amma da sharaɗin kada samun ya cuci maƙwabci.

Nan ne gizo ke saƙar. Mai_Ganga ya tambaya me ya raba ɗan caca da ɗan kasuwa. In na sayar maka da takalmi, ni na tafi da kuɗi, kai ka tafi da takalmi, kowa ya yi godiya. In na ci caca, me wancan ya tafi da shi? Ba zan ci ba sai wani ya faɗi. To ina zaune ina fatan ɗan'uwana ya yi asara don in samu, yaya zan haɗa wannan da ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka? Doka ta goma ta ce kada ka yi ƙyashin abin maƙwabcinka. Afisawa 4:28 ta ce mutum ya yi aiki da hannunsa don ya sami abin da zai ba mabukaci. Caca ta juya ayar nan ta baya.

Katikis_J:
Baba, mu ma a ƙarƙashin dokar sata muka ajiye maganar, sai dai a ƙirgenmu ita ce ta bakwai. Kuma na Westminster ɗin da kuka kawo ɓarna suka kama, mu ma ita muka kama. Inda muka rabu shi ne maganar maƙwabci. Abokai huɗu sun zauna karta, kowa ya ajiye abin da ba zai dame shi ba, wanda ya faɗi ya sayi nishaɗin dare ɗaya ke nan, kamar wanda ya biya kuɗin shiga kallon ƙwallo. Da yardarsa ya ajiye. Ba a sata da yardar mai kaya.

Dattijo_B:
Yarda ba ta wanke komai ba, ɗana. Mai karɓar bashi da ruwa mai nauyi ma da yardarsa ya sa hannu.

Mai_Lissafi:
Ni ba malamin tauhidi ba ne, lissafi nake koyarwa, bari in sa baki ta gefena. Katikis yana maganar abokai huɗu a tebur. Abin da ke cikin wayoyin matasa ba shi ba ne, akwai kamfani a tsakiya.

Ɗauki wasan da ko wannan ko wancan, rabi da rabi. Da adalci ne, wanda ya saka 100 ya ci, 200 za a ba shi. Kamfani kuwa sai ya sa ninki 1.90 a kowane gefe, maimakon ninki 2. Mutum biyu sun saka ɗari-ɗari, ɗaya nan ɗaya can. Kamfani ya karɓi 200, ya biya 190, ya riƙe 10, ko wa ya ci. Bai damu da wa zai zura ƙwallo ba. To yanzu ka jera wasa goma a tikiti ɗaya, yadda yara suke yi don su ga kuɗin ya kumbura. Wancan gibin yana ninkuwa ne a kowane wasa. 190 cikin 200 shi ne 0.95, in ka ninka shi da kansa sau goma za ka sami wajen 0.6. Ma'ana cikin kowane 100 da jama'a suka zuba a irin wannan tikitin, kusan 60 ne ke komawa hannun 'yan wasa, 40 na kamfani ne tun ba a busa usur ba. Haka faifan rulet na Turai, wanda ake juyawa a gidan caca, yake, gurbi 37 ne amma ninki 35 ake biya, kashi 2.7 cikin ɗari na gidan caca ne a kowane juyi.

Shi ya sa in na ji an ce ai sa'a ce sai in yi dariya. Kai ne kake kan sa'a. Su albashi suke ɗauka.

Gimbiya_R:
Malam Mai_Lissafi Allah ya saka. Wannan ya fi wa'azi goma shiga kai.

Na_Gefe:
Amma wannan ya nuna wauta ce, bai nuna zunubi ba. Ba kowace wauta ce zunubi ba.

Ɗan_Zabura:
@Na_Gefe in kuɗin naka ne. Zabura 24:1 ta ce duniya da abin da ke cikinta na Ubangiji ne. Mu masu riƙon amana ne. Ka san lissafin da Malam ya kawo, ka kuma ɗauki kayan amana ka zuba, wannan ya wuce wauta.

Wanda_Aka_Kuɓutar:
Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba, amma kalmar "ɗan canji" ce ta tsaya mini a wuya. Ni ma da ɗan canji na fara. Abin da ya kashe ni shi ne na ci tun da wuri. Da na faɗi a farko da wataƙila na watsar.

Abin da masu muhawara ba su gani shi ne yadda take cin lokaci da hankali, ba kuɗi kaɗai ba. Ina zaune a sujada, Littafi Mai Tsarki a buɗe a waya, kowa yana ganin ina bin karatu, alhali na zame ina duba wasan wata ƙasa da ban san sunan ko ɗan wasa ɗaya a cikinta ba. In wasa ya kusa tashi sai in shiga banɗaki in kulle, don kada matata ta ga fuskata. Wasa tara sun shiga, ɗaya ya yanke tikiti a minti na ƙarshe, sai zuciya ta ce ka gani, saura ƙiris, ka iya. Ba ta cewa ka faɗi. Na taɓa ɗora hannu a kan tikiti na yi addu'a, na yi wa Allah alkawarin in ya shiga zakkata kashi ashirin ce ba goma ba. Cin hanci nake ba Allah.

Daga albashi na koma bashi, daga bashi na koma ƙarya. Ƙaryar ce ta fi yawa. Mai_Ganga, ba ni da ayar da ta kira caca da suna. Wadda ta kama ni ita ce 1 Korantiyawa 6:12, inda Bulus ya ce ko da abu halal ne gare shi ba zai yarda wani abu ya mallake shi ba. Abin da ya taimake ni: na gaya wa matata komai, na miƙa mata katin banki, wani dattijo kuma yana kirana duk ƙarshen mako ya tambaye ni ba kunya. Addu'a na yi, amma ba ita kaɗai ba.

Maman_Alheri:
Allah ya ƙara riƙe ka ɗana. Ka yi ƙoƙari da ka faɗa.

Uwar_Biyu:
Ku maza kuna ta wa ya yi wa laifi, wa ya yi wa laifi. Ku tambaye mu. Ranar da aka koro mini yara saboda kuɗin makaranta, ni na san na ba shi kuɗin a hannu ya je ya biya. Keken ɗinkina ma da na dawo daga tafiya ban tarar da shi ba, wai ya kai gyara. Har yau yana wurin gyara. Kuma in ka tambaye shi zai ce maka da kuɗinsa yake yi, bai taɓa na kowa ba. 1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya musunci bangaskiya, ya fi marar bi muni. Ni wannan ta ishe ni aya.

Katikis_J:
'Yar'uwa, sannu. Wannan ko a wurinmu ba muhawara, zunubi ne mai nauyi, shi ne ainihin abin da 2413 ya faɗa. Ki sami fasto ko dattawanku, kada ki ɗauka ke kaɗai.

Nas_Rahila:
Ƙari a kan maganar Wanda_Aka_Kuɓutar. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa jarabar caca a rukuni ɗaya da jarabar giya da ƙwaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ta cikin cututtuka. Alamun da ake dubawa su ne irin waɗanda ya faɗa: bin asara don a dawo da ita, ƙara yawan kuɗi don a ji abin da ake ji da, ɓoyewa, cin bashi. Ina faɗa ne don ikilisiya ta daina tsayawa a sa mutum ƙarƙashin horo kawai. A hore shi, amma a nema masa taimako. Wasunsu har tunanin kashe kansu suke yi.

Maƙwabcinku:
Ni Musulmi ne, ina bin zauren nan saboda abokai. Mu an hutar da mu, Suratul Ma'ida aya ta 90 ta haɗa giya da caca ta ce a nisance su, ta 91 ta ce Shaiɗan yana son ya jefa gaba da ƙiyayya tsakaninku da su. Amma in faɗa muku gaskiya, samun ayar ƙarara bai hana yaranmu yi ba. Don haka Mai_Ganga, ko an kawo maka ayar ba lallai ta raba gardama ba.

Tela_Mai_Zare:
Ni tambayata daban ce. In saka kuɗi a abin da ba ka san ƙarshensa ba ne caca, to manomi fa? Mai sayen hannun jari fa? Inshora fa? Ka biya shekara da shekaru, in ba abin da ya same ka kuɗinka sun tafi.

Ɗalibin_Tauhidi:
@Tela_Mai_Zare kasada daban, caca daban. Manomi in ya dace, abinci ya ƙaru a duniya, ba wanda ya faɗi don shi ya samu. Inshora kuma haɗarin yana nan tun kafin ka sa hannu, gobara ko hatsarin mota ba kai ka ƙirƙira ba, taruwa aka yi a raba nauyinsa. Ɗan caca shi ke ƙirƙiro haɗarin da babu shi da, don ya ji daɗin tsallakewa. A misalin talanti a Matiyu 25 ma wanda ya binne kuɗin ne aka tsawata wa, aka ce da ya kai wa masu banki.

Mai_Lissafi:
Amma a yi adalci, akwai masu shiga kasuwar hannun jari da kuɗin kirifto da zuciyar caca tsantsa. Ya saya da safe ya sayar da rana, bai san abin da kamfanin ke yi ba. Sunan ne kawai ya fi daɗin faɗa a gaban dattawa.

Rabaran_Mai_Ritaya:
'Ya'yana, na ga Katikis da Dattijo suna ja, sai na ce bari in tuna muku cewa jan nan ya girme mu duka. Majalisar shugabannin ikilisiya ta Elvira da ta zauna a Sifen a farkon ƙarni na 4 ta yanke cewa mai bi da ke wasan dayis, wato ɗan ludo da ake jefawa, a kan kuɗi a hana shi jibin Ubangiji, in ya daina a karɓe shi bayan shekara guda. Tsofaffin dokokin da ake kira na Manzanni sun ce bishop ko dikin da ya shaƙu da dayis da buguwa ya bari ko a tuɓe shi. Majalisar Lateran ta huɗu a 1215 ta hana limamai yin wasan, ta hana su ko zama a wurin. Toma Akwinas, babban malamin tauhidi na Katolika, kuma ya ce wanda ya ci kuɗin yaro ko na marar hankali, ko ya ja mutum cikin wasan don kwaɗayi, ko ya yi maguɗi, wajibi ne ya mayar. Ta ɗaya gefen, a 1619 wani mai wa'azi a Ingila, Thomas Gataker, ya rubuta cewa ƙuri'a a wasan nishaɗi ba laifi ba ce, 'yan'uwansa suka yi masa ca, don su a ganinsu ƙuri'a kira ce ga Allah, ba a wasa da ita.

Abin da na lura a shekarun da na yi ina kiwo: masu cewa haram ce gaba ɗaya da masu cewa sai ta wuce gona da iri, in aka kawo musu mutum na gaske a ofis, shawara ɗaya suke ba shi. Ban taɓa ganin wanda ya zo wurina da batun caca yana cikin waɗanda ba ta wuce gona da iri ba. Waɗancan ba sa zuwa, in ma akwai su.

Na_Gefe:
Baba Rabaran, ai likita ma marasa lafiya kaɗai yake gani. Akwai masu yi sau ɗaya a shekara su manta.

To tunda an zo nan bari in tsokano wata. Ikilisiyoyi nawa ne suke sayar da tikitin tambola a ranar tara kuɗin gini, a ce wanda lambarsa ta fito ya tafi da firji? Wannan mene ne sunansa? Dattijo_B, ina jiran ku.

Gimbiya_R:
Tab! Na_Gefe ka taɓo inda ke ƙaiƙayi 😂

Dattijo_B:
Caca ce. Na faɗa a majalisar dattawa, aka rinjaye ni, ban kuma saya ba. In mutum zai ba Allah ya ba Allah, kada a sa masa firji a gaba.

Katikis_J:
Mu kam ba mu da wannan ciwon kai, tunda ba mu ce haram ce a karan kanta ba. Mai sayen tikitin ya san gudummawa yake bayarwa.

Ɗan_Zabura:
To zakkar kuɗin caca fa? A karɓa?

Rabaran_Mai_Ritaya:
Nan ma ba a haɗu ba. A Amurka, a jihar Fulorida, wani reshen Salvation Army, ƙungiyar Kirista mai ayyukan jinƙai, ya taɓa mayar wa wani da ya ci lotiri kyautar dala 100,000, suka ce suna yi wa iyalan da caca ta rusa hidima, ba za su karɓa ba. A Birtaniya kuwa, tun da aka fara lotirin ƙasa a 1994, an gyara tsofaffin majami'u da dama da kuɗinsa, wasu ikilisiyoyi suka nema, wasu suka ƙi. Ni dai in an jefa a jakar baiko ban san na wa ba ne. Amma in mutum ya zo ya ce ga zakkar abin da na ci, zan fara tambayarsa bashin wa ke kansa, me kuma ya bari a gida.

Uwar_Biyu:
A ƙara da masu kiran kansu annabawa suna ba mutane lambobi wai an nuna musu a wahayi. Nawa mijin har man shafa wa tikiti ya sayo.

Ɗalibin_Tauhidi:
Wannan kam akwai aya a kansa kai tsaye. Ishaya 65:11, Allah yana tsawata wa waɗanda suka rabu da shi suka shirya tebur domin gunkin sa'a, suka cika ƙoƙo domin gunkin ƙaddara. Bitrus kuma ya gaya wa Siman mai sihiri kuɗinsa su hallaka tare da shi, don ya zaci baiwar Allah abin ciniki ce. In annabin ya san lambar me ya hana shi sakawa da kansa?

Mai_Ganga:
Na karanta duka. Har yanzu dai ba wanda ya kawo ayar da ta ce kada ka yi caca, kuma na ji daɗi da ba wanda ya ƙirƙiro ta. Maganar Baba Dattijo ta cewa ba zan ci ba sai wani ya faɗi ita ce ta fi tsaya mini, don ni da a zatona kuɗin kamfani nake ci. Amma ban gamsu cewa wanda ya saka kaɗan sau ɗaya a wata yana layi ɗaya da mijin Uwar_Biyu ba.

Wanda_Aka_Kuɓutar:
Ba layi ɗaya kuke ba. Ka gwada abu ɗaya: ka goge manhajar har kakar wasa ta ƙare, ka ci gaba da kallon ƙwallonka. In wasan ya yi maka daɗi kamar da, to Katikis ya yi gaskiya a kanka. In ka ji ya zama lami, ka neme ni ta akwati.

Ɗan_Zabura:
Romawa 14:23 ma tana nan. Abin da ba daga bangaskiya ba zunubi ne. Da zuciyarka a kwance take da ba ka buɗe zancen ba.

Na_Gefe:
Haba, yanzu yin tambaya ma ya zama shaida a kan mutum? Da haka ne da mutanen Biriya, da suka binciki Nassi don tabbatar da wa'azin Bulus, ba su sami yabo ba.

'Yar_Auta:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni ban taɓa saka ko sisi ba, amma a shagon caca nake aiki, ni ke karɓar kuɗi in buga tikiti. Da albashin nake biya wa ƙannena makaranta. Ina cikin zunubi?

Dattijo_B:
'Yata, ba zan ɓoye miki ba, hannunki na ciki. Ba ke kika kawo su ba, amma ta hannunki kuɗin ke wucewa. Ki fara neman wani aikin.

Katikis_J:
Baba, a yi mata sauƙi. Alhakin mai kamfani da na mai buga tikiti ba ɗaya ba ne. 'Yar'uwa, kada ki karɓi kuɗin yaro, kada ki zuga kowa ya ƙara, kada ki yarda a sa ki maguɗi. In wata ƙofa ta buɗe ki fita.

'Yar_Auta:
Yara kam ina korarsu, har faɗa muka yi da manaja a kai. Wanda ya fi damuna wani dattijo ne mai zuwa duk ranar da aka biya fansho, hannunsa na rawa yana ƙirga kuɗin, ya ce in zaɓa masa wasa wai hannuna na da albarka. Na ce masa Baba ka je gida, ya ce in ban buga ba zai je shagon gaba. Baba Dattijo na ji maganarku, ni ma ba son wurin nake ba. Takarduna suna hannu, na iya kwamfuta, na iya lissafin kuɗi. Duk wanda ya san inda ake neman ma'aikaciya ya turo mini ta akwati.